Muryoyin Matan Rawayau

Shafi na 17

Masu cika min waya tun da safe da "ina ci gaba, ina ci gaba", duk na gan ku, har da wadda ta ce za ta fice daga gurup in ban turo ba. Zauna, 'yar'uwa, ba inda za ki. Mai tuƙin tuwo ta sauke tukunya tukuna, don yau Yahanasu ba da wasa ta fito ba.

*

Ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta banko ƙofar shagon kwamfutar Sagiru. Taɓon hanyar Rawayau duk ya ɓata mata bakin hijabi, ɗan acaɓan da ya kawo ta Dutsin-Ma yana ta ƙwala mata kira ta manta ledarta, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Sagiru, mi ka taɓa?"

Sagiru ya ɗago daga kwanon shinkafa da wake, cokali a hannu, ya washe baki.

"Amarya, ba ko gaisuwa?"

"Kar ka ce min amarya. Mi ka taɓa a sabar?"

"Gyara na yi. Ba ke kika ce in duba ba?"

"Dubawa na ce. Du-ba-wa! Ban ce ka sa hannu ba."

Saura kwana goma sha biyu a ɗaura musu aure, amma kallon da take masa ko ɓarawon akuya ba a yi wa irinsa. Shi kuwa bawan Allah har lokacin bai ajiye cokalin ba.

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya: mahaifin Yahanasu, Malam Labaran, shi ke ba da karatu a Rawayau, kuma matan garin suna da tambayoyin da ba za su iya yi a gaban maza ba. A ƙauye kuwa murya tamkar fuska ce, ko a bayan katanga mace ta yi tari an san ko wace ce. Shi ya sa da Yahanasu ta gama karatun kwamfuta ta haɗa musu shafi. Mace za ta danna ta faɗi damuwarta, muryar ta faɗa cikin wata folda a sabar, wato kwamfutar haya da ke riƙe da shafin. Daga nan sikirif, wato jerin umarnin da ta rubuta wa kwamfutar, zai kira wata manhaja ta daban ta jirkita muryar, ta koma kamar ta ƙato mai magana a cikin randa, sannan ya goge ta asalin. Jirkitacciyar kaɗai Malam ke ji, ya ba da amsa ranar Juma'a. A tsakar gidansu, gaban mata sun fi hamsin, Yahanasu ta dafa ƙirji ta ce amanar tana wuyanta.

To kwana uku da suka wuce masu hayar sabar suka mai da shafin kan sabuwar na'ura, aikin jirkita muryar ya tsaya cak. Ita tana Katsina da gwaggwanninta wajen sayen kayan ɗaki, shi ne ta ce Sagiru ya duba mata.

"Ka san wa ya kira ni ɗazu?" ta ce. "Anti Saudatu, matar yayana. Ta kai niƙa Kurfi, ta iske samari sun yi da'ira suna ƙyaƙyata dariya. Muryar Larai matar mai nama suke ji a waya, Sagiru. Muryarta tsaf, har da kukan ɗanta a baya. Tana tambayar ko ya halatta ta tahi asibiti a duba ta ba da sanin mijinta ba."

Sai yanzu cokalin ya sauka.

"Ba zai yiwu ba."

"Ya riga ya yiwu. Matsa min."

Ta ture shi daga kujerar ta jawo kwamfutar. Don haushi sau biyu tana kuskuren lambar sirri.

"Faɗa min tun daga farko. Kar ka tsallake ko ɗaya."

Ya sosa ƙeya. "Na shiga na ga sikirif ɗin yana kiran manhajar, ita kuma tana dawowa da cewa ba ta da izinin shiga foldar. Na gwada, na gwada, ya ƙiya. Shi ne na rubuta tambaya a dandalin masu harkar."

"Sai aka ce maka mi?"

"Wani ya ce in ba foldar bakwai uku."

Yahanasu ta rufe ido. Duk wanda ya taɓa zama gaban sabar ya san bakwai uku. Lamba ce da ke cewa kowa ya shiga, kowa ya karanta, kowa ya rubuta abin da ya ga dama.

"Mutum ɗaya ne ya ba ka amsa?"

"Su biyu ne."

"Na biyun mi ya ce?"

"Turancinsa ya yi tsawo."

"Sagiru!"

"Wallahi ya kai shafi guda! Ni kuma ga ɗalibai sun cika shago suna jiran rajista. Na farkon layi ɗaya ne, na sa, nan take ya yi aiki."

Ta nemo dandalin da kanta. Ga amsar ta biyu nan, kuma jimlarta ta farko da manyan baƙaƙe take: kar ka kuskura ka yi abin da na sama ya faɗa maka. Ta juya masa fuskar kwamfutar. Ya karanta, ya mai da ido kan fankar silin kamar yau aka ɗaura ta.

"Bakwai uku kaɗai ba za ta kai muryar Larai injin niƙa ba," ta ce. "Sai mi kuma?"

"Na ɗan kunna abin da ke jero fayilolin folda. Don in riƙa gani daga wayata ko suna shiga."

"Ka ɗan kunna."

"Da niyyar in kashe."

"Ka kashe?"

Ya girgiza kai a hankali.

"To ko da ka jero su, wa ya san adireshin? Ba a shafin yake ba. Ni da kai kaɗai muka san shi."

Nan Sagiru ya fara gyaran hular da ba ta karkace ba. Yahanasu ta san wannan gyaran hula, tun suna yara in ya fasa wani abu haka yake yi.

"Na so in tabbatar yana buɗewa a wayar wani. Sai na tura wa Sodangi."

"Wane Sodangin?"

"Na bakin kasuwa."

"Sodangi mai turi?" Ta miƙe tsaye, kujerar ta yi baya ta daki firinta. "Mutumin da sana'arsa ke nan, ya cika wa mutane memori da duk abin da ya tsinta? Duk Dutsin-Ma ka rasa wanda za ka ba sirrin matan garinmu ya gwada maka sai shi? Da ma ka ɗauki lasifika ka hau mota ranar kasuwa, ai da ya fi sauƙi!"

"Ki rage murya, mutane na ji."

"Yau ka san ana jin murya?"

Takaici ya kama ta. Shekara guda tana lallaɓa matan nan. Wata sai da ta zauna da ita sau uku kafin ta yarda ta danna. Yanzu da wane ido za ta bi ta ƙofar gidan Larai?

Sagiru ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri. Kaina ne ya yi zafi. Ga shago, ga hidimar biki, ga Gogo kwana tara ke nan ba ta cin abincin kirki, ta shige ɗaki ta ƙi faɗin abin da ke damunta."

Gogo Mairama mahaifiyarsa ce, maƙwabciyarsu tun kafin a haifi Yahanasu, kuma ita ma ta lura kwanan nan ko gaisuwarta da ƙyar tsohuwar ke amsawa. A wata rana da ta tausaya masa. Yau kam babu wurin tausayi a ranta.

"Kar ka sako Gogo cikin wannan."

"Kuma ba da kaina na yanke ba," ya ce. "Sai da na nemi izini."

"Wajen wa?"

"Assalamu alaikum."

Su duka suka juya. Malam Labaran ne a bakin ƙofa, laima a hannu ɗaya, ƙullin littattafan da ya saya a ɗaya hannun. Duk shigowarsa Dutsin-Ma sai ya biyo shagon ya huta kafin ya nemi motar Kurfi. Yahanasu ta durƙusa ta gaishe shi, Sagiru ya yi wuf ya kawo kujera, har da goge ta da hannun riga.

"Tun daga bakin titi nake jin muryarki, ɗiyata. Lafiya?"

Ta buɗe baki, Sagiru ya riga ta.

"Malam, maganar buɗe foldar nan ce da na same ka da ita shekaranjiya."

"Af, wannan? Ni na ce ya buɗe." Malam ya zauna, ya jingine laimar hankali kwance. "Ya zo ya ce min an kulle wurin da karatuna yake, wai sai mai izini ke shiga. Na ce subhanallahi. Shekara arba'in ina ba da karatu, zaurena ko ƙyaure ba shi da shi. Bafillace ya shigo da sandarsa ya zauna, ɗan kasuwa ya shigo, wanda ban taɓa gani ba ya shigo. Sai yau da na tsufa za a sa wa karatuna kwaɗo? Na ce ya buɗe wa kowa da kowa."

Wayyo Yahanasu. Faɗan da ta ɗauko tun daga Rawayau ya zo mata iya wuya, ga shi wanda ya ba da umarnin ba a ɗaga masa murya. Ta harari Sagiru, shi kuwa ya samu mafaka, har da ɗan gyaɗa kai irin na "kin ji ko".

Ta sunkuyar da kai, ta tausasa harshe iya yadda za ta iya.

"Baba, ba zaure ya buɗe ba."

"To ina ya buɗe?"

"Cikin gida ne. Karatunka daman a buɗe yake, kowa na saurare. Wurin da ya buɗe shi ne inda tambayoyin mata suke sauka kafin a sauya musu murya. Kamar a ce an cire labulen ɗakin Inna, an ce duk mai wucewa ya leƙa."

Malam ya daina motsi.

Ta gaya masa zancen Larai da injin niƙa da Sodangi. Tana faɗa tana ganin fuskar tsohon tana sauyawa. Da ta gama leɓɓansa suka shiga motsi da istigfari.

"Sagiru," ya ce daga baya, "da ka zo min, ka ce min muryoyin mata ne a ciki?"

"Na ce folda ce, Malam."

"Ni na san folda? Na yi zaton wani ɗakin karatu ne." Ya girgiza kai. "Na ba da fatawa kan abin da ban fahimta ba. Abin da nake hana ɗalibaina kullum."

Jin haka sai haushin Yahanasu ya ƙaru a kan Sagiru, don ba ta taɓa ganin mahaifinta ya ƙanƙance haka ba. Ta koma kan kujera ta buɗe foldar da nufin rufe ta. Tana ganin jerin ta tsaya.

Fayil ɗari biyu da goma sha huɗu.

A ƙa'ida bai kamata a samu fiye da na kwana ukun nan ba, biyar ko shida. Sauran ai an goge su tuntuni.

Sagiru ya leƙo ta kafaɗarta. "Daman ina so in tambaye ki wannan, na ga ranki a ɓace ne."

"Mi ka yi kuma?"

"Wannan kam ba ni ba ne. Dubi kwanan watan na farko."

Ta duba. Bara ne, ranar da aka buɗe shafin.

"Layin da kika rubuta na gogewa bai taɓa aiki ba," ya ce, a hankali, don ya san inda maganar za ta sauka. "Sabar tana da izinin ajiyewa, ba ta da izinin gogewa. Kullum sai ta gwada ta kasa. Ke kuma kin sa masa alamar da ke cewa in ya kasa ya yi shiru. Sannan foldar a cikin ɓangaren da duniya ke iya kaiwa kika ajiye ta. Ni na buɗe ƙofa, na yarda. Amma da ɗakin wayam yake, mi Sodangi zai kwasa?"

Ta buɗe sikirif ɗin. Ga alamar nan, 'yar ƙarama, a farkon layin. Ta tuna ranar da ta sa ta, saƙon kuskure ne ya dame ta yana ɓata mata fuskar shafi, ta ce bari ta rufe bakinsa zuwa gobe. Goben ce ba ta zo ba har yau.

Kunya ta rufe ta. Ta so ƙwarai a ce laifin na Sagiru ne shi kaɗai, ta yi ta masifa har la'asar ta huce. Yanzu ga shi su uku ne a shagon, kuma kowa da kasonsa.

"To," in ji Malam, "tunda duk mun taru a ciki, sai a gyara. Mi za a yi?"

Yahanasu ta hau aiki. Ta kashe jeren fayilolin. Ta janye bakwai ukun, ta bar izini ga sabar ita kaɗai. Ta ɗauke foldar gaba ɗaya daga inda ake iya kaiwa ta waje, ta nuna wa manhajar sabon wurin, ta cire alamar shirun. Ta yi gwaji da muryarta, ƙaton randa ya maimaita abin da ta ce, ta asalin ta ɓace. Aikin da bai ci minti ashirin ba.

"Da ka kira ni," ta ce ba tare da ta dube shi ba.

"Kin ce kar a dame ki kina zaɓen gado."

"Sagiru, don girman Allah ka yi min shiru."

Saura abu ɗaya. Sabar tana rubuta duk wanda ya shigo da abin da ya ɗauka, ta buɗe wannan rajistar don ta san girman ɓarnar. Sodangi ya kwashe duka a rana ɗaya, wannan ba mamaki. Na Larai an ɗauka sau tara. Amma akwai guda ɗaya, mai lamba ɗari biyu da shida, da aka sauke sau sittin da uku, daga wayoyi daban-daban, yawancinsu yau da safe.

"Wace tambaya ce wannan da aka yi wa rubdugu haka?" in ji Sagiru.

Ta duba ranar. "Talatar makon jiya."

"Ta shayarwa ce," in ji Malam. "Ita kaɗai ta shigo ranar. Wata baiwar Allah ta ce ta taɓa ba jaririyar maƙwabta nono, ba wanda ya sani, yanzu kuma ɗanta zai auri yarinyar. Na amsa ranar Juma'a, na ce ta ji tsoron Allah ta fito ta faɗa kafin a ɗaura."

Yahanasu ta tuna. Ita ta ɗora amsar a shafi da hannunta, har tana ce wa Anti Saudatu Allah sarki wannan yarinya, ko wace ce. Biki bakwai ake shiri tsakanin Rawayau da Barkiya, sun yi ta lissafi ba su gano ba.

Ta kai hannu kan fayil ɗin.

"Kar ki buɗe," in ji Malam.

"Baba, so nake in san gidan da zan fara zuwa ba da haƙuri."

"Mutum sittin da uku sun ci amanarta. Ke da kika dafa ƙirji kike so ki zama ta sittin da huɗu?"

Ta janye hannun. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta ƙara mata haushi. Ta zaɓi fayilolin duka, ɗari biyu da goma sha huɗu, ta goge su ba ta saurari ko ɗaya ba. Foldar ta koma wayam yadda ta yi wa matan alkawari tun bara.

"Alhamdu lillahi," in ji Sagiru, har da sauke numfashi. "An wuce wurin."

"An wuce ina? Na cikin memorin mutane kai za ka bi gida-gida ka goge?"

Kafin ya ba ta amsa wayarsa ta yi ƙara a kan tebur.

"Ga ɗan halak ɗin nan," ya ce. "Sodangi ne ya turo saƙon murya. Bari ku ji, in ya so a gaban Malam zan sa shi ya goge komai."

Ya danna, ya ƙara sauti.

"Sagiru," muryar Sodangi ta fito, babu wasan da ya saba, "wallahi ban saurara ba kafin in tura wa mutane. Yanzu wani ya zo ya kunna min. Ka ji wannan, ka yi haƙuri."

Saƙo na biyu ya biyo baya da kansa, kafin kowa ya kai hannu.

Tari aka fara yi, busasshe, sau biyu. Yahanasu ta san tarin nan. Ta katangar gidansu take jin sa kowace safiya tun tana yarinya.

"Malam, a gafarce ni," in ji muryar Gogo Mairama, tsaf, ba randa ba komai. "Shekarar da aka kai maƙwabciyata asibiti Katsina, an bar min jaririyarta kwana tara. Lokacin ina goyon ɗiyata, wadda ta rasu daga baya. Yarinya ta ƙi madara, ta ƙi kunu, tana ta kuka har ta shiɗe. Na ba ta nono, Malam, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ji nauyin faɗa, shekaru suka tahi. Yanzu ɗana zai aure ta. Ɗana guda ne, Malam, kuma saura sati uku."

Saƙon ya ƙare.

Laimar Malam ta zame daga jikin bango ta faɗi, ba wanda ya ɗaga ta. A hankali tsohon ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Kwana tara uwarki ta yi a Katsina," ya ce. "Ni na miƙa ki ta katanga da hannuna."

Sagiru ya buɗe baki zai kira ta da sunan da ya tarbe ta da shi ɗazu, sunan ya ƙi fita.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a tsakaninsu, wannan karon kira ne. Su uku suka zuba wa sunan da ke kanta ido.

Gogo.